Daga Sakkwato Zuwa Jidda: Nisan Hanya Da Lissafin Sa'o'i

Kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, mutane sukan taru a ƙofar Hakimi suna tambayar Malaminsa awa nawa jirgin sama ya kan yi kafin ya sauka Jidda. Amsar da a kan ba su ta kan sha bamban, har wani lokaci hankalin iyalan alhaji ya tashi a banza. Saboda haka muka ga ya kyautu mu bayyana wa Hakimai da Malamansu yadda lissafin ya ke.

Alhazan ƙasar Zamfara sun saba tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato. Daga nan zuwa Jidda, in an miƙe sosai, wajen mil 2,300 ne, watau kamar kilomita 3,700. Wanda ya tashi daga Kano ya rage kusan mil 200. Manyan jiragen yanzu su kan ci mil 500 da 'yan kai cikin awa guda, sai a ƙara lokacin hawa sama da na sauka, tafiyar ta kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa sun share watanni a kan wannan hanya, waɗansu ma shekaru.

Amma fa miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan ta ke bi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan wannan shekara suka yi ta kewaye, aka ƙara wajen awa biyu. Don haka kada Malami ya yanke wa kowa sa'a, sai ya ji hanyar da jirgin zai bi daga ma'aikatan alhazai.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Ƙasar Makka tana gabas da mu, rana ta kan riga fito musu, agogonsu kuwa yana gaba da namu da awa biyu. A ce jirgi ya tashi Sakkwato da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi. Mutumin Gusau zai ga ƙarfe 2 da rabi a agogonsa, alhali a Jidda ƙarfe 4 da rabi ne, asuba ta kawo jiki. Wajen komowa kuma sai a juya lissafin, a ɗebe awa biyun. Mai shan magani bisa ƙa'ida, musamman tsofaffi masu ciwon sukari, ya ƙidaya sa'o'in da suka wuce tun shan ƙarshe, kada ya dogara ga agogon bango na can.

Sa'an nan a tuna musu tafiyar ƙasa. Daga Gusau zuwa Sakkwato ya ɗara mil 120, ta Bunguɗu da Talatar Mafara, mutumin Tsafe kuwa sai ya fara yin mil 30 kafin ya iso Gusau. Ga zaman sansanin alhazai, ga awon kaya da duba fasfo, waɗanda sau da yawa sun fi tafiyar saman kanta tsawo. Alhaji ya riƙe guzurinsa da maganinsa a jakar hannu, iyalinsa kuma su fara ƙidaya daga sa'ad da aka tabbatar musu jirgi ya bar ƙasa.