Koyon kiɗa da rawa ta intanet: Gwajin da makarantun firamaren Amurka ke yi tun bayan korona

A zangon karatu na 2022, hukumar makarantun gwamnati ta Los Angeles, wadda ita ce ta biyu mafi girma a Amurka bayan ta New York, ta buɗe sababbin makarantu shida da ba su da ƙofar shiga ko filin wasa. Ɗalibansu daga gida suke karatu ta intanet.

Kowace daga cikin shidan da fannin da ta fi mayar da hankali a kai. Ɗaya an keɓe ta ga fasaha da nishaɗi, kuma tana ɗaukar yara tun daga ajin share fagen firamare har zuwa ƙarshen sakandare.

Wannan ya sake tayar da muhawarar da iyaye da malamai suka soma tun lokacin kullen korona. Lissafi da karatu ana iya lallaɓawa a koyar da su ta fuskar kwamfuta. To amma yaro ɗan shekara bakwai da aka kai makaranta don ya koyi kiɗa da rawa da ginin tukwane fa, me zai samu idan yana zaune shi kaɗai a ɗaki?

Wace irin makaranta ce wannan?

Yawancin makarantun firamare masu ba fasaha muhimmanci a Amurka na gwamnati ne, kuma da dama daga cikinsu suna cikin rukunin da ake yi wa laƙabi da makarantun maganaɗisu, saboda an kafa su ne don su jawo yara daga unguwanni daban-daban. Ana yawan ambaton makarantar McCarver da ke Tacoma a jihar Washington, wadda ta ɗauki wannan tsari a 1968, a matsayin ta farko. Manufar ita ce a haɗa 'ya'yan baƙaƙen fata da na farare a aji ɗaya ba tare da tilas ba.

A irin waɗannan makarantu, fasaha ba darasin cike gurbi ba ce da ake yi ranar Juma'a bayan kowa ya gaji. Da ita ake koyar da sauran darussa. Yaro kan fahimci rabi da kwata ta hanyar ƙirga bugun ganga, ya koyi tarihi ta hanyar fitowa a wasan kwaikwayo. Jihar North Carolina ta fara irin wannan shiri mai suna A+ Schools a 1995 da makarantu 25.

Akwai hujjar cewa abin yana da amfani. Wani bincike da Daniel Bowen da Brian Kisida suka fitar a 2019 kan makarantu 42 a birnin Houston, da ɗalibai sama da dubu 10, ya gano cewa yaran da aka ƙara wa darussan fasaha sun rage aikata laifuka a makaranta, rubutunsu ya inganta, kuma sun fi nuna tausayi ga 'yan'uwansu.

Samun gurbi a makarantun ba sauƙi. A wurare da yawa ƙuri'a ake jefawa, wasu iyalan su yi shekaru suna jira. Shi ya sa uwar da ɗanta ya samu shiga take tunani sau biyu kafin ta cire shi, ko da kuwa rashin lafiya ta hana shi zuwa aji.

Lokacin da waƙa ta zama abin tsoro

Ranar 10 ga Maris na 2020, kwana ɗaya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington ta yi atisayen sa'a biyu da rabi. Mutum 61 ne suka halarta, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da cutar. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ce an tabbatar ko ana kyautata zaton wasu 52 sun kamu. Biyu sun mutu.

Daga nan aka shiga ɗari-ɗari da rera waƙa a taro. Masana a jami'o'in Colorado da Maryland sun auna yawan tururin numfashin da ke fita daga bakin mawaƙi da bakin kayan busa, suka ba da shawarar a sa takunkumi, a rufe bakin kakaki da ƙyalle, a kuma taƙaita atisaye a cikin ɗaki zuwa minti 30.

Makarantun fasaha sai suka shiga tsaka mai wuya: a makaranta ba dama a yi waƙa a sake, a gida kuma ba dama a yi ta tare.

Matsalar 'yan amshi

Dalilin da ya sa ba a iya yin waƙa tare ta intanet ba laifin malami ba ne. Lamari ne na lokaci.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska. Makaɗa biyu da ke tsaye kusa da juna suna jin juna kusan nan take, don haka hannunsu ke tafiya daidai. Masu nazarin sauti sun ce da zarar jinkirin ya wuce kashi 25 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa, wato kamar a ce tazarar mita 10 ce tsakanin makaɗan, sai kowa ya fara jiran ɗan'uwansa, kiɗan ya riƙa ja da baya har ya wargaje.

Manhajojin taro irin su Zoom jinkirinsu ya ninka haka sau da dama, kuma na kowane gida daban ne. Mai karatu ya ƙaddara mawaƙi ya jefa baiti, 'yan amshi 20 kuma kowa ya karɓa a lokacin da muryar ta iso masa. Abin da zai fito hayaniya ce, ba amshi ba.

Akwai kuma wata matsalar. An ƙera waɗannan manhajoji ne don magana, saboda haka idan suka ji dogon sautin goge ko sarewa sai su ɗauke shi a matsayin ƙarar fanka, su danne shi. Sai a watan Satumban 2020 kamfanin Zoom ya ƙara wani tsari na musamman don kiɗa. Ya gyara ingancin sautin, amma bai kawar da jinkirin ba.

Dabarar da akasarin malamai suka koma gare ta ita ce su kashe makirufon dukkan yaran, su kaɗai su rera, yaran su bi daga gida. Malamar tana ganin baki 25 na motsi, amma ba ta jin ko ɗaya. Ba ta san wanda ya kauce ba balle ta gyara masa.

Bidiyoyin nan da suka yi ta yawo lokacin kulle, inda ake ganin ɗaruruwan fuskoki a ƙananan akwatuna suna waƙa tare, ba tare suka yi ta ba. Kowa ya naɗi tasa muryar shi kaɗai, wani ya zauna ya harhaɗa. Mawaƙin Amurka Eric Whitacre, wanda ya shahara da wannan salo tun 2010, ya haɗa muryoyi 17,572 daga ƙasashe 129 a 2020. Ga malamar firamare, ko na yara 30 aikin dare da yawa ne, kuma ba a biyan ta kuɗinsa.

Akwai manhajojin da ke rage jinkirin sosai, kamar JackTrip da aka samar a Jami'ar Stanford. Sai dai suna buƙatar intanet mai ƙarfi ta waya, ba ta iska ba, da kayan sauti na musamman, abin da ba kowane gida ke da shi ba.

Rawa ma haka. Yaro na buƙatar fili da daɓen da ba zai ji masa ciwo ba, da malamin da zai dafa kafaɗarsa ya miƙar da ita. Mai koyon goge sai an kama yatsunsa an ɗora su inda ya kamata. Yumɓu kuwa ko an aika wa yaro gida a jaka, wurin gasa shi yana makaranta.

Abin da ya yi kyau

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Zane ya karɓi intanet hannu bibbiyu. A watan Maris na 2020, marubucin littattafan yara Mo Willems ya fara koyar da zane kullum da rana ta shafin Cibiyar Kennedy da ke birnin Washington, yara da yawa a ciki da wajen Amurka suka riƙa bin sa da takarda da fensir. Kyamarar da aka saita a saman hannun malami ta fi nuna wa yaro yadda ake jan layi fiye da leƙe ta bayan kawunan 'yan aji.

Haɗa kiɗa da kwamfuta, ɗaukar hoto, tace bidiyo da zanen katun mai motsi duk sana'o'i ne da dama can a gaban kwamfuta ake yin su. A birni irin Los Angeles, cibiyar fina-finan Amurka, wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Yaro mai kunya da ba ya iya buɗe baki a gaban aji kuma yakan iya naɗar muryarsa sau biyar a ɗaki ya aika wadda ta fi.

Sannan akwai yaran da zaɓinsu ba tsakanin aji da intanet ba ne, tsakanin intanet ne da zama haka nan: masu jinyar cutar daji, masu raunin garkuwar jiki, da waɗanda cin zalin 'yan'uwansu ɗalibai ya kora daga makaranta. Alƙaluman gwamnatin tarayya na farkon 2021 sun kuma nuna cewa 'ya'yan baƙaƙen fata da na 'yan asalin Latin Amurka da Asiya sun fi na farare ci gaba da karatu daga gida bayan an fara buɗe makarantu.

Alƙaluman da ke ba da tsoro

Masu adawa da tsarin ma suna da abin riƙewa, kuma nasu ya fi nauyi. Tun a 2015 wata cibiyar bincike a Stanford ta gano cewa ɗaliban makarantun intanet zalla suna baya da kwatankwacin kwana 72 na karatu da kwana 180 na lissafi a shekara idan aka kwatanta da takwarorinsu. Kwana 180 kuwa shi ne tsawon shekarar karatu gaba ɗaya a yawancin jihohin ƙasar.

Jarabawar ƙasa ta 2022 ta nuna makin yara 'yan shekara tara ya faɗi da bakwai a lissafi da biyar a karatu daga 2020, karon farko da aka taɓa ganin faɗuwa a lissafin.

Talauci ma ya fito fili. Ƙungiyar Common Sense Media ta ƙiyasta a tsakiyar 2020 cewa ɗalibai miliyan 15 zuwa 16 ba su da isasshiyar intanet ko na'ura a gida. Hoton wasu yara mata biyu zaune a ƙasa a wajen shagon abinci na Taco Bell a garin Salinas na Kalifoniya, suna aikin makaranta da intanet ɗin shagon, ya girgiza mutane a watan Agustan shekarar.

Ɗan firamare kuma ba ya zama gaban kwamfuta shi kaɗai. Dole wani babba ya zauna kusa da shi, ya buɗe masa darasi, ya nemo masa almakashi da gam. A gidan da uwa da uba duk suke fita aiki, wannan zaɓin sunansa kawai suke ji.

Kowa da hanyar da ya bi

A watan Mayun 2021 magajin garin New York na lokacin, Bill de Blasio, ya sanar da cewa babu sauran karatu daga gida a sabon zango. Kalifoniya kuwa ta yi doka da ta wajabta wa gundumomi samar da wannan zaɓi a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022. A Los Angeles ɗalibai sama da dubu 10 suka yi dafifi zuwa wani tsohon shiri mai suna City of Angels da ba a tanade shi don irin wannan yawa ba, aka yi ta fama da ƙarancin malamai. Daga wannan ruɗani ne makarantu shidan nan suka fito.

Wannan tsari na tattara ɗalibai a makarantar intanet mai malamanta ya sauƙaƙa wa malaman aji, waɗanda da yawansu suka koka da koyar da yaran da ke gabansu da na cikin kwamfuta a lokaci guda. Amma yana raba yaro da makarantarsa ta asali, da abokan da zai hau dandamali da su a ƙarshen zango.

Kuɗi ne ke yanke hukunci a ƙarshe. Tallafin korona na kusan dala biliyan 190 da gwamnatin tarayya ta ba makarantu ya ƙare a watan Satumban 2024. A shekarar ce gundumar Montgomery ta jihar Maryland ta rufe makarantarta ta intanet saboda giɓin kasafi, duk da zanga-zangar da iyaye suka yi.

Kalifoniya tana da wata rijiyar daban. A Nuwamban 2022 masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Proposition 28, wanda ke ware kusan dala biliyan ɗaya duk shekara don koyar da kiɗa da fasaha, tare da sharaɗin manyan gundumomi su kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 wajen ɗaukar ma'aikata. Austin Beutner, tsohon shugaban makarantun Los Angeles da ya jagoranci ƙudurin, ya kai hukumar da ya taɓa shugabanta kotu a farkon 2025, yana zargin ta yi amfani da kuɗin wajen biyan malaman da dama take da su maimakon ƙaro sababbi. Hukumar ta ce ta bi doka.