KARBURATO: BA GIRMANSA KE SA BABUR GUDU BA

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Korahane, cikin gundumar Dakwaro, babur ya zama jakin zamani. Da shi ake zuwa kasuwa. Da shi ake ɗaukar buhun hatsi. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare. In babur ya ƙi tashi a irin wannan lokaci, abin ba wasa ba ne. Maraɗi kuwa, inda kayan gyara suka fi yawa, ta fi kilomita 100 daga Dakwaro.

Ga kuma tsadar mai. Shekaru da yawa mutanen jihar Maraɗi sun saba da man kwalba mai araha da ke shigowa daga Najeriya. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kuɗinsa ya hau. Babur mai shan mai fiye da kima ɓarawo ne a cikin gida. Sau da yawa laifin yana wuri ɗaya: karburato, wanda mutanen Najeriya ke kira kafireto.

MENE NE AIKINSA?

Mai shi kaɗai ba ya ƙonewa cikin inji. Sai an gauraya shi da iska. Karburato shi ne mai wannan dama, kamar yadda uwargida ke dama fura da nono. In nono ya yi yawa, fura ta tsinke. In ya yi kaɗan, ta yi kauri.

Masana sun auna. Kilo 1 na mai yana son wajen kilo 15 na iska. Wato lita 1 ta mai tana son iska wajen lita 9,000. Wannan ya kai cikin tano 45 mai lita 200.

A cikin karburato akwai maƙogwaro mai ƙunci. In inji ya shaƙi iska, sai ta bi ta wurin da gudu, kamar iskar zuga-zugin maƙeri. Gudun nan shi ke jawo mai daga wani ɗan ƙoƙo da ke ƙasa. Man yana bi ta wata ƙaramar kafa da makanikai ke kira jiklar. Kafar ba ta fi bakin allura da yawa ba. Ƙwayar rairai ɗaya tana iya toshe ta.

DARASI DAGA AMURKA

Wasu samari sun ɗauka babban karburato shi ke ƙara wa babur ƙarfi. Masu motoci a Amurka sun daɗe da gwada wannan.

A 1964 aka fito da wata mota can, sunanta Pontiac GTO. Girman injinta wajen 6,400 cc ne. Ya ninka injin babur mai 125 cc sau 50. Wasu daga cikin motocin nan karburato uku aka sa musu a jere. Samarin ƙasar suka yi ta tseren gudu da irin waɗannan motoci, har tsadar mai ta 1973 ta rage musu kasuwa. Har yau akwai masu ajiye su, suna gyara su don sha'awa.

Abin da makanikansu suka koya shi ne: in karburato ya fi ƙarfin inji, mota ba ta ƙara gudu. Maƙogwaron ya yi faɗi, iska tana tafiya a hankali, ba ta jan mai yadda ya kamata. In an taka totur sai motar ta shaƙe, ta yi jinkiri. Dokar babbar mota ita ce dokar ƙaramin babur. Rigar uba ba ta sa yaro ya girma.

Motocin yanzu sun bar karburato, na'ura ce ke auna musu mai. Amma tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu shan isansi, da mafi yawan baburan karkara, da ƙananan injunan ban ruwa da na wuta, da shi suke aiki.

YADDA AKE ZAƁE

Wanda zai sayi sabon karburato ya fara karanta lambar injinsa. Ga abin da aka fi samu a baburan ƙirar Sin:

Inji mai 110 cc: karburato mai lamba PZ19 ko PZ20.
Inji mai 125 cc: PZ26.
Inji mai 150 cc: PZ27.
Inji mai 200 cc: PZ30.

Lambar tana rubuce a jikin karburato. Jiklar ma tana da tata lamba, ƙarama ƙwarai. Babbar lamba, babbar kafa, yawan shan mai. Mai saye ya tafi kasuwa da tsohon a hannu. Ya gwada su gefe da gefe. Ya rubuta lambobin a takarda. Nan karatu ke rana. Wanda ya iya karanta lamba, da wuya a sayar masa da abin da ba nasa ba.

Kuma kada araha ta ruɗe shi. Araha ba ta ado. Sau da yawa ma ba sabo ake bukata ba. Wanki kawai tsohon ke so.

BUJI BA YA ƘARYA

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a taɓa kome, a bar inji ya huce, a kwance buji, a dubi bakinsa.

In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Babur zai riƙa fid da baƙin hayaƙi, yana shan mai, ba shi da ƙarfi.

In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan. Wannan ya fi haɗari. Inji zai yi zafi, yana iya lalacewa. Mai rowar mai yakan ƙare da sayen kayan inji.

In ya yi launin ƙasa-ƙasa, kamar gyaɗa soyayya, damun ya yi daidai.

TSABTA KAFIN MURƊA

Babban abokin gaban karburato a ƙasar Dakwaro shi ne ƙura da rairai, musamman lokacin hunturu. Duk iskar nan mai yawa ta matacin iska take bi. In ya toshe, iska ta ragu, mai ya yi yawa. Wasu sukan cire matacin su yar. Kuskure ne babba. Rairai zai shiga inji ya cinye shi kamar gara.

Kamfanin Honda na Japan ya san wannan. A 1975 ya fito da babur CG125 domin ƙasashen da makanikai ba su da yawa. Ya sa masa matacin soso da ake iya wankewa. Baburan Sin da yawa irin injinsa suka kwaikwaya.

Matacin soso, a wanke shi da ruwa da sabulu. A bar shi ya bushe sarai. A ɗiga masa man inji kaɗan, a matse. Matacin takarda ba a wanke shi. A kakkaɓe shi, in ya tsufa a sake.

Man kwalba kuma, a ɗaga kwalbar a duba. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. A tace man da ƙyalle mai tsabta. A ƙarƙashin ƙoƙon karburato akwai wata kusa ta zubar da dauɗa. A rufe mai, a warware ta lokaci-lokaci, ruwa da laka su fita.

In jiklar ta toshe, a wanke ta, a hura mata iska da famfon taya. Kada a tsokane ta da allura ko ƙaya. Kafar za ta buɗe, babur ya riƙa shan mai har abada.

YADDA AKE DAIDAITAWA

Sai bayan an gama tsabta ake taɓa kusoshi masu murɗawa. Guda biyu ne. Ɗaya tana ƙara ko rage karar inji in babur yana tsaye. Ɗaya tana daidaita damun mai da iska.

1. A ta da babur, ya yi tafiyar minti 10, inji ya yi ɗumi. A tabbata an buɗe makullin iska da ake ja da safe.
2. A kashe inji. A murɗa kusar damu ciki a hankali har ta tsaya. Kada a matsa, bakinta zai lalace.
3. A warware ta zagaye ɗaya da rabi.
4. A ta da inji. A riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye, ana saurare. Inda inji ya fi kara mai daɗi ba gargada, nan ne wurinta.
5. Da ɗaya kusar a rage kara, har inji ya zauna lafiya bai mutu ba.
6. Bayan tafiyar kwana biyu, a sake duba buji.

In abin ya faskara, a kai wa makanike. Tambaya ba ta rage mutum.

HATTARA

Ban da taba, ban da fitilar kwai, ban da murhu kusa da wurin gyara. Kada a zuƙi mai da baki. Kada a bar inji yana aiki cikin ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Yara su yi nesa.

Magidancin da matarsa ta kusa haihuwa, ya duba baburinsa tun da rana tsaka. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

1. Me baƙin buji ke nunawa?
2. Don me babban karburato ba ya ƙara wa ƙaramin inji gudu?
3. Babur yana yin kilomita 40 da lita 1. Matacinsa ya toshe, ya koma kilomita 30. A tafiyar kilomita 120, lita nawa mai shi ya yi hasara?