Layin Da Ke Raba Sunaye A Fuskar Kwamfuta

Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin albashi ya san amfanin layukan da aka shata a kowane shafi. Su ne ke riƙe ido tun daga sunan ma'aikaci har zuwa adadin kuɗinsa a can gefen dama. In ido ya zame ya faɗa sahun ƙasa, sai a rubuta wa masinja albashin babban sakatare.

Da lissafi ya koma kan na'ura, matsalar ta biyo shi. Shi ya sa manyan injinan buga takardu na kwamfuta a shekarun 1960 da 1970 suka riƙa amfani da doguwar takarda mai ratsin kore da fari.

Abin mamaki, akwatin jerin sunaye da ake gani a manhajojin ofis ba ya zuwa da layi ko ɗaya. Haka ListBox na Windows yake, haka kuma JList na harshen Java. Akwai ɗan'uwansu, ListView, wanda kamfanin Microsoft ya tanadar masa layuka, amma ba sa fitowa sai an shirya jerin a matsayin teburi mai ginshiƙai.

Saboda haka mai rubuta manhaja yakan karɓi aikin zanen daga hannun na'ura. Ita kuwa sai ta riƙa miƙo masa gurbin kowane sahu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya shafe gurbin da launi, ya rubuta sunan, sa'an nan ya ja siririn layi a gindinsa. A nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Wanda ya ja layi sama da ƙasa zai tarar da layuka biyu sun haɗu tsakanin kowane sahu da maƙwabcinsa, kaurin ya ninku. Wanda bai ƙara wa sahu tsawo ba, layin zai datse wutsiyar haruffa irin su g da y. Kuma tun da ya karɓi aikin, launin da ke nuna sahun da aka zaɓa ya zama wuyansa. In ya mance, ma'aikaci zai danna suna bai ga alamar ya dannu ba, kuma da irin haka ake share fayil ɗin da ba shi aka nufa ba.

Masana ba su haɗu a kan yawan layi ba. Wani malami a Amurka, Edward Tufte, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa layuka masu kauri suna danne alƙaluman da aka zo karantawa, kuma yana da gaskiya: layi toka-toka ya wadatar, baƙi ƙirin kuwa gajiyar da ido yake yi. Kamfanin Apple, da ya fito da iTunes a 2001, ya jera waƙoƙi a sahu-sahu, wannan fari, mai bi masa shuɗi-shuɗi, dabarar da aka sani tun zamanin takarda mai ratsin kore.