Burmi da Sauran Kufaifan da Ke Jiran Allo

Kusa da Bajoga, a ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, akwai wani kufai da ake kira Burmi. A nan ne ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Turawan Ingila suka yi karon ƙarshe da Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wata huɗu bayan sun ci Sakkwato. Hijira ya yi niyya zuwa gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da garuruwa suna bin sa. Aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa, su ma Turawa suka rasa kwamandansu, Manjo Marsh. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas tare da ɗansa Mai Wurno, har suka kafa gari a bakin Nilu a ƙasar Sudan, wanda har yau da sunansa ake kiransa.

Motoci na ta zirga-zirga a hanyar Gombe zuwa Potiskum, amma fasinja nawa ne suka san abin da ya faru a ɗan nesa da kwalta? Aikin allon tarihi ke nan: ya tsayar da mai wucewa, ya gaya masa cikin layi biyar ko shida wa ya zauna a nan, yaushe, kuma me ya tashe shi.

Hukumar da ke da alhakin irin waɗannan wurare ita ce ta kula da gidajen tarihi da kayayyakin tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Cikin abin da ta gada akwai ganuwar Kano da Gidan Makama, da kufan Surame, birnin Kanta na Kabi. Akwai kuma gadar Gwamna Lugga, wadda labarinta ke da ban takaici. A Zungeru aka gina ta a 1904, lokacin garin na hedikwatar Arewa, sai aka kwance ta a 1954 aka kai Kaduna. Aka ɗauke gada ke nan aka bar gari da kangaye, garin da a cikinsa aka haifi Nnamdi Azikiwe a shekarar da aka gina gadar.

A maƙabartu ne abin ya fi wuya. Wanda ya shiga maƙabartar Turawa ta Lakwaja zai karanta suna da shekarar mutuwa a kan duwatsu, na mutanen da suka zo jiya-jiya. Namu kuwa tulin ƙasa ne da fasasshen tulu, bayan damina kaɗan ya baje. Ba sakaci ba ne: malamai sun hana gini da rubutu a kan kabari, jama'a kuma sun bi. Shi ya sa sanin wa ke kwance a ina ya koma bakin dattawan unguwa da masu haƙar kabari. Ranar da suka kau, sai dillalan filaye su shigo da igiyar awo. A ganina allon da aka kafa a ƙofar maƙabarta, mai faɗin shekarunta da iyakokinta, bai shiga wancan hani ba, kuma shaida ne ranar da za a je gaban alƙali.

Sai batun wa zai rubuta. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma yadda Bagobiri zai ba da labarin daban, na Basakkwace daban. Haka Satiru, da aka rushe a 1906 da hannun Turawa da dakarun sarakuna. Allon da zai daɗe shi ne wanda ya tsaya kan suna da shekara da abin da kowa ya yarda ya faru, ya bar hukunci ga masu nazari. A rubuta shi da Hausa, boko da ajami, don ba Bature aka yi wa ba.

Kuma kada a yi shi da ƙarfe. 'Yan jari-bola da ba su ƙyale murafun kwalbati da ƙarafan gada ba, ba za su ƙyale allon da ke tsaye shi kaɗai a daji ba. Dutse ko kankare ya fi, a kuma danƙa amanarsa ga mai unguwa ko dagacin wurin, da ɗan alawus ko yaya yake.