Buɗe Kwaɗo Ba Da Makulli Ba: Jagora Ga Sabon Shiga

A shekarar 1851, lokacin babban baje kolin birnin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Hobbs ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah, wanda ya yi gomman shekaru a tagar shago ana cika baki cewa ba mai iya buɗe shi. Awa 51 ya kwashe yana fama da shi cikin kwana 16. A yau wannan fasaha ta zama wasan sha'awa mai ƙungiyoyi da gasa, irin su SSDeV da aka kafa a Jamus a 1997 da TOOOL ta ƙasar Holan.

Kafin ka sayi kayan aiki, fara sanin cikin kwaɗon. Akasarin kwaɗuna da kubobin da ke kasuwa suna bin tsarin da Linus Yale ƙarami ya inganta a shekarun 1860. Akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa inda makulli ke shiga, da ramuka kamar biyar ko shida. Kowane rami na ɗauke da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, sifirin na danne su. Haƙoran makulli ne ke ɗaga su har mahaɗarsu ta yi daidai da gefen dunƙulen, sai ya juya.

To ina lagon yake? Babu masana'antar da ke iya huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif. Saboda haka in ka ɗan murɗa dunƙulen, ƙusa ɗaya ce za ta fara cijewa, sauran suna sakwa-sakwa. Ita za ka lalubo, ka ɗaga a hankali har ka ji ɗan ƙas a yatsanka. Daga nan wata ta cije, ka bi ta, har ta ƙarshe.

In ka zo sayen kayan aiki, kada jaka mai ƙarafa 30 ta ruɗe ka, yawancinsu ba za ka taɓa su ba. Abu uku sun isa: mamurɗi, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke juya dunƙulen, da 'yar ƙugiya mai ɗaga ƙusa ɗaya-ɗaya, da mai baki tudu-tudu da ake gogawa gaba da baya. Kaurin milimita 0.6 ya fi dacewa da ɗan koyo, domin bai cika lanƙwashewa ba. Kwaɗon roba da ake hango cikinsa yana da amfani a kwanakin farko, amma kada ka daɗe a kansa, tunda aikin na yatsa ne, ba na ido ba. Koma kan kwaɗon tagulla mai araha.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne ƙarfin hannu. Matsin da mamurɗi ke so bai wuce na danna madannin tocila ba. In ya yi yawa, ƙusoshin duka su ƙame, ƙugiyar ta lanƙwashe.

Masu wannan wasa suna da ƙa'ida biyu da ba a tsallakewa. Kada ka taɓa kwaɗon da ba naka ba sai da izinin mai shi. Kada kuma ka yi gwaji a kan wanda ake dogaro da shi, ko da na ƙofar ɗakinka ne, don yana iya lalacewa. Dokoki ma sun bambanta: Japan ta haramta mallakar kayan ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba tun 2003. A garuruwanmu kuwa, wanda 'yan sintiri suka tare da dare da ƙugiya a aljihu zai sha wuyar bayani. Bar kayanka a gida.

Babbar ribar ita ce sanin abin da ka rataya a ƙofarka. Wanda ya ga kwaɗo mai araha ya buɗe a hannunsa cikin minti ɗaya ba zai ƙara auna ingancin kwaɗo da nauyinsa ko ƙyallinsa ba. Zai nemi mai ƙusa shida, mai ƙusoshin tsaro masu siririn ƙugu da ke yaudarar ƙugiya, kafin ya damƙa masa amanar shagonsa.