Kumurci da Illar Sakaci da Ido

Duk shekara, tun daga saukar damina har zuwa kaka sa'ad da ake ɗaurin gero ana kai shi rumbu, mutanen ƙauyukan Aguie da Gazawa da Gidan Rumji sukan yi ta gamo da kumurci, domin abin da yake nema, wato kwaɗi da ɓeraye da ƙwai da 'yan tsaki, duk yana kewaye da mu, daga fadamun Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba har cikin akurkin gida. Maɓoyarsa kuwa sananniya ce: suri, da ramin ɓera, da kogon itace, da gindin kaba, da tarin karan da muka jingine a bayan ɗaki muka manta.

Ya kamata a bambance shi da 'yar'uwarsa gamsheƙa, ko da yake dukansu sukan ɗaga gaba su fasa kai in an tsokane su. Gamsheƙa ba ta tofi, dafinta jijiya yake kashewa, har fatar ido ta sauko, numfashi ya gagara. Kumurci kuwa, wanda galibi baƙi ne, tsawonsa yakan kai mita 2, saransa yana ruɓar da nama, sa'an nan Allah ya hore masa feso dafi daga haƙoransa zuwa tazarar mita 2 ko fiye, kuma ido yake nufa.

To, a nan ne gafalarmu take. Sau da yawa na ga wanda kumurci ya tofa wa dafi, maimakon a ruga da shi bakin randa, sai jama'a su taru a kansa, wannan ya ce a zizara kwalli, wancan ya tauno ganye ya matsa masa, shi kuma yana ta murzar idon saboda raɗaɗi, daga bisani a ɗaure da tsumma a ce sai an ga abin da gobe ta yi. Wannan wane irin ganganci ne? Tun 1976 likita David Warrell da abokin aikinsa suka bayyana, bisa ga majinyatan da aka duba a Zariya, cewa tofin nan yana gyambata baƙin ido har ya kai ga makanta. Alhali kuwa maganin farko ba ya cin ko dala: a buɗe idon ala tilas, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta kamar minti 15 ba tsayawa, in ruwa ya yi nisa a yi da madara, kada a murza, kada a ɗaure, a kai mutum gidan likita ranar nan, ko da ya ce ya ji sauƙi.

In sara ne, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓa tamau. A cire zobe da awarwaro, a ɗauki mutum a kai shi gidan likita. A can kuma a faɗi sunan macijin sarai in an gan shi, a bar cewa igiyar ƙasa, domin likita ya san abin da zai yi tsaro a kansa.

Kumurci yakan shiga ɗaki da dare ya sari mai barci a tabarma, saboda haka a kwana bisa gado cikin gidan sauro, a nisanta akurki da kara daga makwanci, a fita da tocila. Tawakkali wajibi ne, amma malamanmu ba su taɓa raba shi da riƙon sababi ba, kuma wanda ya bar idon ɗansa ya lalace randa tana cike a tsakar gida, ba shi da hujjar ɗora laifin a kan ƙaddara.