Garantin Baki da Garantin Takarda: Cinikin Laftof Na Hannu a Birnin Kudu da Gwaram

Kasuwar laftof a Birnin Kudu ba ta da rumfa ta kanta, ba ta kuma da ranar ci. A warwatse take cikin shagunan masu waya da ke bakin babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil. In ka shiga shago, wayoyi da caja ne za su fara cika maka ido, sai can ƙasan gilashi ka hango laftof uku ko huɗu jere da juna. Wani shagon ko ɗaya ba za ka gani ba, amma da ka tambaya mai shago zai buɗe WhatsApp ya nuna maka hotuna, ya ce ka ajiye wani abu, jibi za ta iso a motar Kano. A Gwaram abin ya fi haka ƙanƙanta. Mai bukata ko dai ya hau mota zuwa Birnin Kudu ko Dutse, ko ya ba wani ɗan garinsu da ke zuwa sari Kano saƙo, ko kuma ya saya a hannun wanda ya gaji da tasa.

Masu saye ba ɓoyayyu ba ne. Akwai ɗaliban makarantar koyon aikin jinya da ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Akwai yaran da suka samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, masu shagunan buga takardu da cike fom suka ƙaru. Ga kuma 'yan dawunlodin, masu tura wa'azi da finafinai a waya, waɗanda laftof ɗin ita ce jarin gaba ɗaya. Kaɗan ne cikin waɗannan ke iya sayen sabuwa fil a kwali, musamman tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Kowa sai ya koma ta hannu.

Tafiyar kayan doguwa ce. Yawancinsu HP EliteBook ne da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, injinan da ma'aikatu a Ingila da Amurka suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu sannan suka sayar a dunƙule. Wasu ta Legas suke shigowa su sauka a Computer Village ta Ikeja, wasu ta Dubai. Daga nan sai Kano, titin Beirut da Farm Centre, inda 'yan kasuwar Jigawa ke sari. Kafin laftof ta iso teburin ɗalibi a garuruwan Gwaram irin Basirka ko Sara, ta ratsa hannaye da dama, kuma ba wanda ya miƙa wa na gabansa takardar asali.

Wanda ya san ciniki ba ya gaggawa. Zai zauna a kan benci, ya sa a zare caja ya ga ko batir zai riƙe wuta. Zai buɗe shafin rubutu ya danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Zai sa farin hoto ya cika allo don tabo ko layi ya fito fili, ya ɗora tafin hannu a inda fanka ke hura iska ya ji zafin. A ƙarshe ya kifa ta ya dubi kawunan kusoshi: in sun ci bakin sukundireba, an sha buɗe ta. Bayan an yi tayi, an ce albarka, an ƙara, an sallama, sai mai shago ya ɗauko 'yar sitika mai sunan shagonsa ya manna a kan kusa ɗaya. A nan ne tambayar da ta fi komai muhimmanci take zuwa. Dattijon da ya taso daga Gwaram don saya wa 'yarsa zai ce: "To ɗana, in ta ba da matsala fa?" Amsar kusan iri ɗaya ce a kowane shago: "Baba, na ba ka sati biyu. In dai ba ruwa ta sha ba, ba faɗuwa ta yi ba, ba wuta ce ta ƙona ta ba, kuma ba a yaga wannan sitikar ba, kawo ta in canja maka. Bayan nan kuwa sai haƙuri, ƙarfen nasara ba shi da tabbas."

Garantin da kasuwar nan ke tafiya a kai ke nan, na baki. Ban raina shi ba. Mai shagon da ke sallah a masallaci ɗaya da kai, wanda ya san gidanku, yana da abin da zai rasa in ya saɓa alkawari, kuma da yawansu suna cikawa ko da za su yi asara. Rauninsa shi ne da mutum aka ƙulla shi, ba da na'urar ba. In wanda ya saya ya matsu ya sayar wa abokinsa bayan kwana biyar, abokin ya kai ƙorafi, abin da zai ji shi ne: "Malam, ba da kai na yi ciniki ba."

Garantin kamfani kuwa akasin haka yake, na'urar yake bi, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Kowace laftof tana da lambar siriyal a ƙasanta. In ka shiga shafin HP ko Lenovo a intanet ka rubuta lambar, nan take za ka ga ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. Dell na da lamba mai haruffa da alƙaluma bakwai da suke kira Service Tag, suna kuma da fom na sauya mallaka a shafinsu, inda ake rubuta bayanin mai ita na farko da na sabon mai ita da ƙasar da take yanzu. Laftof ta gida shekara ɗaya aka saba ba ta, ta ofis sau da yawa uku, batir kuwa galibi shekara ɗaya. Ga wadda ta yi shekara huɗu a Landan, babu abin da ya rage a sauya. Ko da saura, garantin da aka saya a wata ƙasa ba lallai ya yi aiki a Najeriya yadda yake ba, kuma wuraren gyaran da kamfanonin suka amince da su akasari suna manyan birane irin Legas da Abuja.

Inda dubawar ke da amfani shi ne cinikin cikin gida: ma'aikacin da ya sayi sabuwa a Kano ko Abuja, bayan wata shida bukata ta taso masa ya sa ta a kasuwa. A nan akwai watanni na haƙƙi da ake zubarwa saboda ba wanda ya nemi rasit ɗin asali. Ko garantin ya ƙare ma, lambar tana faɗin gaskiya game da shekarun na'ura da ainihin samfurinta. Shekarun nan suna da nauyi yanzu, domin Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarta ga Windows 10, Windows 11 kuma ba ta karɓar injinan Intel da suka girmi zubi na takwas sai 'yan tsiraru. Irin waɗannan tsofaffin su ne ake saukewa da araha a kasuwanninmu. Akwai kuma waɗanda ke zuwa da makullin ma'aikatar da ta mallake su, ko kalmar sirri a BIOS, ba za ka gane ba sai ranar da aka sake wa na'urar manhaja ta tsaya cik tana neman izinin wani ofis a Turai.

Abin da ke damuna shi ne mun fi kowa sanin maganin wannan matsala, amma ba mu kawo shi cikin shagon kwamfuta ba. A kara, ba a sayen dabba a hannun baƙo sai dillali ya tsaya, ya san mai dabbar, ya ɗauki nauyin cewa ba ta sata ba ce, in magana ta taso shi za a nema. La'adarsa ta wannan tsayuwar ce. Malamanmu da ke karantar da Risala da Muhtasar a zaure sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma wanda ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana cewa kayansa na hannu ne ko gyararre. Duk da haka sai ka ga yaro ya ba da kuɗin amfanin gonar shekara, an miƙa masa rasit da aka rubuta "HP guda ɗaya" kawai. Da wannan takardar ba zai iya tabbatar da cewa wannan na'urar ce ya saya ba, ba kuma za ta kare shi ba ranar da 'yan sanda suka zo suka ce ta sata ce.

Kirana ga masu shagunan Birnin Kudu da Gwaram da shugabannin ƙungiyoyinsu shi ne su mayar da alkawarin bakin nan rubutu. A sa lambar siriyal a kan rasit, a rubuta ranar da garanti zai ƙare da abin da bai shafa ba, a kuma yarda cewa duk wanda ya zo da rasit da na'urar, sitika ba ta yage ba, za a saurare shi ko ba shi ya saya da farko ba. Kai kuma mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi, kifa na'urar ka karanta lambar, ka duba ta a wayarka a gaban mai shago, ka nemi rasit ɗin asali in a hannun mutum kake saye. Wanda ya hana ka duba lamba, ka bar masa kayansa.